Lamba Arba'in da Bakwai

Ƙarfe biyun dare ya gota.
Janareto na ƙugi a bayan ɗakin wanki,
ni kuma ina tsaga gashin wani mutum
da ban taɓa jin muryarsa ba.

Waya ashirin da ɗaya nake liƙa masa a ka,
da man nan mai warin jiƙaƙƙen alli.
A takardarmu sunansa Lamba Arba'in da Bakwai.
A Kurna kuwa, Sabi'u Mai Wayarin ne,
wanda in wutar layi ta yi gardama
ake buga wa ƙofa ko da asuba ce.

Kwana huɗu yana kwance
tun da tirela ta goge babur ɗinsa a Gadar Lado.
Inji ke ara masa numfashi.
Ko yatsa ba ya ɗagawa.

Matarsa Barira ta dangwala a takardar amincewa,
ta goge tawadar a gefen mayafi,
ta ce, Likita, barci yake yi?
Dakta Nafi'u ya ce, bari mu tambayi kan.

Muka tambaya.
Layukan allo suka taho a hankali
kamar ruwan kwata bayan an gama wanke-wanke,
sai can suka miƙe tsaye,
tsini bayan tsini, haƙoran zarto,
minti uku cur,
suka lafa, suka sake tashi.
Zanin gado ko yamutsewa bai yi ba.
Farfaɗiya ce ta shiga ɗaki ta sa sakata,
tana fasa kwanuka a ciki,
maƙwabta ba sa ji.

Ni mai hayaniyar na sani.
Na san ta a tsakar gidanmu a Yakasai,
ranar da ta kayar da ƙanena Ilu a bakin murhu.
Kowa ya ja da baya,
wai kada kumfar bakinsa ta taɓa mutum.
Inna ta cusa masa cokali, haƙori biyu suka tafi.
An yi hayaƙi, an yi tofi, an nemo baƙar kaza.
Ba wanda ya ce a janye shi daga wuta tukuna,
a kwantar da shi ta gefe,
a duba agogo.
Shekarata tara.
Ni ma na gudu.
Har yau da hagu yake riƙe almakashi.

Dakta yana tara su a littafi, ɗaya bayan ɗaya:
mutum nawa cikin masu dogon suma
ake wannan faɗa a kansu ba a sani ba,
wa ya tashi, wa bai tashi ba,
minti nawa tsakanin gani da allura.
Kuɗin binciken zai ƙare bayan Babbar Sallah.
Na'urar ɗaya ce, gadaje takwas.
Kullum sai mun zaɓi kan da za mu saurara.

Sista Uwani ta tura maganin ta jijiya.
Na tsaya ina kallo
kamar mai jiran tafasar tukunya ta sauka.
Haƙoran suka dakushe.
Ɗaya ya leƙo, shi kaɗai, ya koma.

A baranda Barira na zaune kan tabarma,
fulas ɗin kunu bai buɗu ba tun magariba.
Na rasa Hausar da zan faɗa mata,
sai na ce, wayoyin kansa ne ke haɗuwa suna tartsatsi,
yanzu mun kashe layin.
Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba.
Ta ce, shi da ke gyara ta mutane.
Zai tashi?
Na ce, wannan allona bai nuna ba.

An kira assalatu daga Gyaɗi-Gyaɗi.
Na rubuta lokaci, na sa hannu,
na wanke man daga farcena.
Kafin in nemi adaidaita sahu
na buga wa Ilu waya.
Ka sha ƙwayar jiya da dare?
Ya ce, Yaya, kin fa tashe ni.
Na ce, na sani. Ka sha?